Shirin da ya fara ja a tsakiya: kun daure ko kun ajiye?

Ƙanwar Maza

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka riga ni. Ina kallon Naruto na farko, na wuce faɗan Naruto da Sasuke a bakin ruwan nan, wanda har hawaye ya sa ni, sai labarin ya tsaya cak. Yau a tura su daji neman wani ƙwaro, gobe a ba su rakiyar wani da ban san shi ba, Sasuke kuwa sai dai a ambace shi a baki. Na fara jin kamar dole ake yi mini. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan, a anime, wato katun na Japan, ko a wasan kwaikwayo mai dogon zango, don Allah ya faɗa mana abin da ya yi, da yadda ya ji daga baya. Roƙona ɗaya, kada a tona ƙarshen labari.

Mai Zane

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin shiga ciko ne, kuma na Naruto ya yi suna. Asalin labarin manga ne, wato littafin labari cikin zane, na Masashi Kishimoto, kuma a lokacin babi ɗaya yake fitowa a mako. Shi kuwa anime, kashi ɗaya yakan cinye babi biyu ko uku, kuma shi ma duk mako ake nuna shi. Kin ga dole wata rana ya taddo littafin. Idan ya taddo, masu shirin ba za su bar lokacinsu na talabijin ya zauna babu komai ba, sai su ƙirƙiro labaran da za a yi ta kallo kafin marubucin ya yi nisa. Sharaɗin irin waɗannan labarai shi ne kada su canja komai: ba mai mutuwa, ba mai samun sabon ƙarfi na dindindin, ba sirrin da zai fito. Shi ya sa kike jin ba a motsi, don da gangan aka hana shi motsi.

Naruto na farko kashi 220 ne, daga 2002 zuwa 2007, kuma daga na 136 har kusan ƙarshe ciko ne. Ni na kalle su duka, saboda a lokacin gani nake tsallake kashi rashin adalci ne ga shirin. Abin da ya jawo mini shi ne na isa Shippuden, ci gaban labarin Naruto, zuciyata ta huce. Ƙanina da ya tsallake ya shiga da zafinsa, yana ta ɗokin ganin inda aka kwana da Sasuke, ni kuwa sai da na ɗauki lokaci kafin in sake damuwa da su. Ki je kai tsaye kashi na 220, ki ga tafiyar Naruto da Jiraiya, ki wuce.

Uwar Biyu

Na yarda da kai, amma kada a yi wa ciko kuɗin goro. Kashi na 101, inda yaran uku, Naruto da Sasuke da Sakura, suka dage sai sun ga fuskar malaminsu Kakashi, wanda kullum yake rufe ta, ba ya ƙara wa babban labarin komai, amma ni da yarana mun fi maimaita shi a kan kowanne. Nan ne kawai muka gan su ukun suna abu tare a matsayin yara, ba faɗa, ba gaba. Haka a Shippuden akwai jerin kashin da suka ba da tarihin Kakashi lokacin yana cikin ANBU, rundunar sirri ta garinsu, wanda masu anime ɗin ne suka faɗaɗa shi, kuma ya sa na ƙara fahimtar shirunsa. Abin da nake yi shi ne in tsallake cikon a karon farko, in gama labarin, in na yi kewarsu in dawo in tsinci masu kyau.

Yaya Babba

Ina so in raba abu biyu da ake haɗawa, don na ga mutane da yawa sun yi asarar shiri mai kyau a nan. Akwai shirin da ke ja saboda ba shi da abin faɗa, akwai kuma wanda ke tafiya a hankali saboda yana aza tubali. Steins;Gate na 2011 kashi 24 ne kacal, amma rabinsa na farko wasu matasa ne a wani ɗan ɗaki suna wasa da na'urar ɗumama abinci, suna tura saƙon waya zuwa kwanakin da suka wuce, ayaba tana komawa koriya. Wani abokina ya ajiye a nan, ya ce mini Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ni na ci gaba, kuma daga kashi na 12 ban iya tashi ba. Kowane saƙon da aka tura cikin raha a farko sai da aka dawo aka biya bashinsa, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba za ka ji ciwon biyan ba in ba ka zauna da mutanen nan lokacin da suke dariya ba.

Ma'aunina shi ne in tambayi kaina: wannan kashin da na gama, akwai abin da na sani game da wani a ciki wanda ban sani ba kafin in fara? In akwai, ina nan ko da ba a ɗaga murya ba. In kashi da yawa suka wuce a jere babu, na sallama.

Ɗan Auta

Yaya, ma'aunin nan naka zai sha wuya a One Piece. Su cikonsu bai kai na Naruto yawa ba, sai suka zaɓi miƙa abin da ke akwai. Tun 1999 ake yi, ya haura kashi 1,100. A sashen Dressrosa, wanda shi kaɗai ya wuce kashi 100, sai a cinye mintuna wajen waƙar buɗewa da tuna abin da ya faru, sannan a yi naushi ɗaya, a bi fuskokin mutanen da ke wurin ɗaya bayan ɗaya ana nuna mamakinsu. Abin sani yana nan a kowane kashi, sai dai ɗan kaɗan ne. A nan na koma karanta manga na Eiichiro Oda, labari ɗaya ne amma ni ke riƙe da saurinsa, sai in leƙa anime ɗin in an zo babban faɗa. Wanda bai fara ba kuma, ya daure zuwa sashen Arlong Park, wajen kashi na 31 zuwa 44. In wurin da jarumin ya ɗora wa abokiyar tafiyarsa hularsa bai taɓa zuciyarka ba, shirin ba naka ba ne.

Gimbiya

Ni tawa ta wasan Indiya ce, kuma ajiyewa na yi. Na daɗe ina bin Yeh Rishta Kya Kehlata Hai, wanda aka fara a 2009, yanzu ya wuce kashi 4,000. Irin waɗannan kusan kullum ake nuna su, kuma muddin ana kallo ba za a rufe ba, don haka babu ƙarshen da ake nufa. In labari ya ƙare sai a tsallaka shekaru, 'ya'ya su girma, a sake irin rikicin da iyayensu suka yi. Ranar da na lura ina kunna shi ina wani aiki, sai in ji kiɗan tashin hankali in ɗago, na san saura sabo kawai. Na ji kewa sosai da farko, don mutanen sun zama kamar dangi.

Na koma na Koriya, da yawansu kashi 16 ne an rufe. Su ma ba su tsira gaba ɗaya ba. Jumong kashi 60 aka tsara, da ya karɓu aka kai shi 81, kuma mai kallo da natsuwa zai ji inda tafiyar ta yi sanyi. Duk da haka shi na gama shi, don tun farko na san inda aka dosa, kafa daular Goguryeo.

Baban Yara

'Yata Gimbiya ta taɓo wurin. Ertuğrul, wasan Turkiyya, zango biyar ne, kashi 150, kowanne kusan awa biyu, daga 2014 zuwa 2019. Maimaici yana da yawa: a sami maci amana a cikin ƙabila, a kama jarumi, a kuɓutar da shi, a sake. Na daure saboda na san tarihi yana jiransu a gaba, za a kai garin Söğüt, za a haifi Osman, wanda ya kafa daular Usmaniyya. Raba kowane kashi nake yi gida-gida, ban taɓa zama na cinye shi a lokaci guda ba, kuma hakan ya rage mini gajiya.

Amma ku sani gaggawa ma cuta ce. Game of Thrones ya wuce littattafan George R. R. Martin, wanda na biyar ɗinsu ya fito a 2011, kuma zangon ƙarshe a 2019 kashi 6 ne kawai. Abubuwan da aka shekara takwas ana ginawa aka warware su a guje. Wannan ya fi ciko yi mini ciwo, don ciko ana tsallake shi, ƙarshe kuwa ba shi da madadi.

Mai Zane

Baba, a anime an taɓa samun madadin. Fullmetal Alchemist na 2003 ya taddo littafin Hiromu Arakawa, sai masu shirin suka rubuta nasu ƙarshen a kashi 51. A 2009 aka sake shi da sunan Brotherhood, kashi 64, aka bi littafin har inda ya tsaya a 2010. Na kalli duka biyun, kowanne da daɗinsa, na farkon ya fi duhu. Ƙanwata, in kika ji Shippuden ya yi miki nauyi, kashi 500 ne kuma cikonsa ya fi yawa a lokacin yaƙin ƙarshe, ki huta da Brotherhood tukuna. Kashin farko-farko suna ɗan sauri, amma daga inda 'yan ƙasar Xing suka shigo ba za ki nemi abin tsallakewa ba.