Duka ya kai ga karaya, iyayena na cewa in koma

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don Allah a sakaya sunana. A Zariya nake, shekarata 7 da aure, yarana uku. Da mari mijina ya fara, yanzu har da wayar wuta. Makon jiya ya hankaɗa ni na karye a hannu, wai abinci ya makara. Na yi yaji sau huɗu, kullum Baba sai ya ce aure ibada ne, a mayar da ni. Mijin nawa ya ce in ina son takardata sai na biya shi sadakinsa, kuma ba zan fita da yaro ko ɗaya ba. Ko sisi ba ni da shi. Ya zan yi?

Maman Ilham: Haƙuri dai ƙanwata, ki dage da addu'a. Mu ma haka muka zauna.

Hajiya Babba: Maman Ilham, karaya fa ta ce! Sai an kawo gawa za a daina cewa haƙuri? Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ba.

Anti Lauya: Ƙanwata, tsorata ki yake yi. Mayar da sadaki a kul'i ne, inda mace ta nemi rabuwa ba da laifin miji ba. Naki cutarwa ce. A mazhabar Malikiyya, in kin tabbatar da ita, alƙali na iya raba auren ba tare da kin biya komai ba. Riƙon yara kuma uwa ce kan gaba, ciyarwa na wuyan uba. Wasu za su kawo miki sashe na 55 na tsohuwar dokar Penal Code, wai miji na iya ladabtar da mata. Ko sashen nan bai yarda da mummunan rauni ba, balle jihar Kaduna ta yi dokar VAPP ta hana cin zarafin mutane tun 2018, dukan mata laifi ne. Ki adana takardar asibiti da hotunan raunin a wayar wata da kika yarda da ita. Ki nemi FIDA, ƙungiyar mata lauyoyi, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Kada ki sanar da shi shirinki.

Mai tambaya: Na gode Anti. Gun mai ɗori aka kai ni, ba asibiti ba.

Anti Lauya: To gobe da sassafe ki je a ɗauki hoton ƙashin. Maƙwabciyar da ta ji ihunki za ta yarda ta ba da shaida?