Wai tsaftar jiki tana cikin tsarki ne a addinin Kirista?

Talatu92:

Salama 'yan'uwa. Dan Allah ina da wata tambaya da ta daɗe tana cina a rai, fahimta nake nema ba gardama ba. Ni a gidan haya na taso a Kaduna, mu Kirista ne amma yawancin maƙwabtanmu Musulmi, tun ina ƙarama nake ganinsu da buta sau biyar a rana. To akwai ƙawata da muke ɗinki a shago ɗaya, ranar nan ta ga na ajiye almakashi na sunkuyar da kai nayi addu'a, sai tace min wai ku haka kawai kuke magana da Allah ba alwala ba komai? Ba da raini ta faɗa ba, so take ta sani. Nace mata Allah zuciya yake dubawa, tace to ai jikin ma shi ya halitta, daga nan bakina ya mutu.

Abun da ya ƙara ɗaure min kai shine kakarmu da ta rasu, ita ko da sanyin hunturu ne sai tayi wanka kafin ta je sujada, kuma ta sha gaya mana mace in tana al'ada kada ta kusanci jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabi da muke karɓa a coci, har yau in ranar jibi ta same ni cikin al'ada sai in zauna a benci ana wucewa ina jin kamar in na tashi nayi zunubi, alhali ban taɓa jin fastonmu ya faɗi haka ba ko sau ɗaya. To wanne ne daidai? Akwai shi a Littafi Mai Tsarki ko al'ada ce kawai?

Malam_Bitrus:

'Yar'uwa tambayarki tana da kyau, kuma rabin rikicin daga bakinmu ne. A Hausa kalma ɗaya muke amfani da ita, muce Ruhu Mai Tsarki, muce kuma yaro ya fito daga bayi a ba shi ruwa yayi tsarki, shi yasa in Bahaushe yaji tsarki sai ruwa ya faɗo masa a rai.

Abun da kakarki ta riƙe ba daga iska ta ɗauko ba, yana Littafin Firistoci sura 11 zuwa 15. A can mace mai al'ada kwana 7 take cikin ƙazanta, wadda ta haifi namiji kwana 40, in mace ce kwana 80, wanda ya taɓa gawa kwana 7 wannan yana Littafin Ƙidaya sura 19, Haruna da 'ya'yansa ma an ajiye musu daro na tagulla su wanke hannu da ƙafa kafin su shiga alfarwa ta sujada, Fitowa sura 30. Amma ki lura da kyau, wannan ƙazantar ba dauɗa bace kuma ba zunubi bace. Manomi da ya wuni a gona jikinsa duk laka ba a hana shi kusantar alfarwa saboda laka ba, wanda kuwa ya binne mahaifinsa, aikin kirki yayi, amma sai ya jira kwana 7 ko da ya ƙarar da sabulu. Doka ce ta shiga wurin hadaya.

Da Yesu ya zo sai ki duba abun da yayi da hannunsa. Kuturu ya zo masa, Markus sura 1, da magana kawai zai iya warkar da shi amma ya miƙa hannu ya taɓa shi. Matar da ta shekara 12 tana zubar jini, Markus sura 5, bisa doka duk wanda ta taɓa ya ƙazantu, ta kutsa cikin taro ta taɓa rigarsa tana rawar jiki, shi kuwa bai tsawata mata ba, 'yata ma ya kira ta a gaban kowa ya sallame ta lafiya. Ni duk lokacin da wata ta kawo min irin tambayarki wannan matar nake fara nuna mata.

Sai Markus sura 7, nan ne maganar take ƙiri-ƙiri, Farisiyawa sun ga almajirai suna cin abinci ba su yi wankin hannu irin na al'adar dattawa ba, Yesu yace abun da ke shiga cikin mutum daga waje ba shi ke ƙazantar da shi ba, abun da ke fitowa daga zuciya ne, ya lissafa su sata da kisa da zina da hassada da girman kai. Baftisma ma da take da ruwa, Bitrus a wasiƙarsa ta fari 3:21 yace ba wankin dauɗar jiki bane. Saboda haka in ranar jibi ta same ki cikin al'ada ki tashi ki karɓa, abun da Bulus yace mu bincika kafin mu ci shine kanmu, ko akwai wanda muke riƙe da shi a zuci.

NasRifkatu:

Malam na yarda da ku amma ku bari in ɗan ja birki, don wannan Markus 7 ɗin na ga inda ake fakewa da ita. Ni nas ce, na yi aiki a asibitin karkara lokacin da amai da gudawa ya ɓarke da damina, yara ake kawo mana ido ya faɗa ciki, wasu kafin a samu jijiya a sa ruwa sun tafi, kuma in ka bi sawu rijiya ce kusa da masai ko hannu da ba a wanke ba aka sa a kwano ɗaya. Yesu ba maganar ƙwayar cuta yake ba a wurin nan, maganar al'adar addini yake. Kada wani ya fito daga bayi ya tsoma hannu a tuwon jama'a yace ai zuciya Allah ke dubawa.

Kuma gaskiya mu faɗa wa kanmu, majami'u nawa ne za ka ga an kashe kuɗi a tayil da jita da lasifika amma bayin da mata da yara ke shiga ba ruwa ba ƙofa? Maimaitawar Shari'a 23:12-14 har cewa aka yi kowa ya riƙe sanda ya haƙa rami a bayan zango ya rufe, dalilin da aka bayar kuma shine Allah yana yawo a cikin zangon. A 2020 lokacin korona kowace coci ta sa bokiti da sabulu a bakin ƙofa, yanzu ina suke? Ni a wurina wanka baya sa ki zama mai tsarki, amma in ƙazantata ta kwantar da ɗan maƙwabciyata to ban ƙaunace ta kamar kaina ba, ta wannan ƙofar tsafta ta shigo.

Danladi_Shendam:

Ni ɗan Katolika ne, zan ƙara ta ɓangaren tarihi don 'yar'uwa ta san ba ita ta fara wannan tambayar ba, kuma Kiristocin duniya ba baki ɗaya suke ba a kai.

Wajen shekara ta 601 Agustin, wanda aka aika yin bishara Ingila ya zauna a Kantabari, ya rubuta wa Fafaroma Girigori tambayoyi, cikinsu har da wannan taki ɗin sak, ko mace mai al'ada za ta iya shiga coci ta karɓi jibi. Girigori ya kawo misalin matar nan mai zubar jini da Malam ya ambata, yace kada a hana ta, abun da halitta ta kawo ba laifinta bane, in ta janye da kanta don girmamawa abun yabo ne, in kuma ta karɓa ba mai hukunta ta. Kin ga kenan a wannan amsar kakarki ba tayi laifi ba, ke ma in kin tashi ba kiyi ba. Kuskuren kawai shine a mai da shi doka a ɗora wa wasu.

Amma akwai waɗanda suka riƙe da ƙarfi har yau. Cocin Otodoks na Habasha suna cire takalmi kafin su shiga, basa cin alade, mace mai al'ada tana tsayawa daga waje, jariri namiji a yi masa baftisma a kwana 40 mace a kwana 80, lissafin Firistoci sura 12 kenan. A nan gida ma masu fararen kaya irin su Kerubim da Serafim da 'yan cocin Selestiyal da Oshoffa ya kafa a Porto-Novo ta ƙasar Benin a 1947, suna da irin wannan na takalmi da na mata. Can gefe guda kuma akwai sufayen hamadar Masar na farko da suka ɗauki barin wanka a matsayin horon jiki, Antoni babbansu an rubuta cewa ko ƙafa baya wankewa. To in wanka ne ma'auni ina za a sa su?

Mu a Mas, wato sujadarmu, fada yana wanke yatsunsa kafin keɓe gurasa, yana roƙo a hankali Allah ya wanke shi daga zunubinsa, daga Zabura 51 aka ɗauko, kuma muna taɓa ruwa mai albarka a bakin ƙofa muyi alamar gicciye don tuna baftismarmu. Ba wanda zai ce ɗigon nan ya fidda datti, tuni ne.

Wannan karin maganar Turawa kuma da ake cewa tsafta ita ke bin ibada, wadda ta yi kama da tamu ta tsafta cikon addini, mutane da yawa sun ɗauka aya ce, ba aya bace, a wa'azin John Wesley na Metodis ta yi suna, wanda ya rasu a 1791.

Musa_Rigasa:

Ni Musulmi ne ku yi haƙuri na shigo, abu ɗaya zan faɗa don a yi wa ƙawarki adalci mu ma a yi mana. Alwala a wurinmu ibada ce da sai da niyya, shi yasa mutum zai fito daga wanka fes amma in alwalarsa ta karye sai ya sake, in kuma babu ruwa ko mara lafiya ne sai yayi taimama da ƙasa, ai ƙasa bata fidda datti. Mu umarni aka ba mu muke bi. Ki gaya mata yadda naku yake kamar yadda Malam Bitrus ya bayyana, za ta gane, zaman tare ai sai da tambaya.

MamanJummai:

'Yata Talatu sannu. Ni tsohuwa ce jikata ke rubuta min wannan. Mu 'yan cocin EYN ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, bishara ta zo mana ta Garkida a 1923, kuma mu har yau in za mu ci jibi muna wanke wa juna ƙafa yadda Yesu yayi a Yahaya sura 13, mata gefensu maza gefensu, ki durƙusa da tawul da ruwa a roba ki kama ƙafar wadda ke kusa da ke, ko wacece. Na taɓa faɗawa kan wata da muka shekara bama gaisawa saboda maganar iyakar gona, ƙafarta duk faso da ƙura don daga ƙauye ta tako, ina zuba ruwan hawaye na zuba, ita ma haka, kafin mu tashi magana ta mutu. Ƙurar ƙafarta bata dame ni ba ko kaɗan, abun da ke cikina ne ya yi min nauyi ranar.

Abun da yake min ciwo yanzu shine yadda muke kallon kaya. Akwai wata yarinya da ke zuwa zumuntar mata wurinmu bayan an kore su daga garinsu lokacin rikici, zani ɗaya gare ta, ruwa kuma saye ake jarka jarka, wata ta matsa daga kusa da ita a benci tana toshe hanci, yarinyar nan bata sake dawowa ba sai da muka bi ta har inda suke da sabulu da atamfa muka ba ta haƙuri. Yakubu sura 2 ya faɗa, mai zobe da kaya masu kyau a ba shi kujera, matalauci mai tsumma ace tsaya can, yace wannan mugun hukunci ne. Wanka mai kyau ne, ni ma bana zuwa gaban Ubangiji da jiki haka nan in ina da hali, ko sarki za ka gaida ai ka kintsa, Yesu ma yace in kuna azumi ku wanke fuska ku shafa mai. Amma wadda bata da ruwa a kai mata ruwa, kada a sa ta ji kamar Allah ma toshe hanci yake.

Kakarki kuma kada ki ga laifinta, iyayenmu da tsoron Allah suka yi abun da suka yi.

Talatu92:

Na gode ƙwarai Mama, Allah ya ƙara lafiya, nagode Malam da ku duka. Jiya da daddare na karanta Markus 5 da 7 har sau biyu, ban taɓa lura cewa 'yata ya kira matar ba sai yanzu. Malam Musa na gaya wa ƙawata maganar taimama tayi dariya tace ai kuwa haka ne, mun daɗe muna hira har muka manta da ɗinkin wata. Nas Rifkatu maganarki ta taɓa ni don bayin cocinmu ma haka yake, zan kai maganar wurin shugabar zumunta ranar Alhamis ko za mu haɗa kuɗin durom da buta. Jibi na gaba sati biyu ya rage, bisa lissafina zai iya faɗo min a ranar, har yanzu gabana yana ɗan faɗuwa in na tuna muryar kaka amma na yi niyya zan tashi. Ku sa ni a addu'a.