In an yi mamako, ina ruwan unguwarku yake kwana?

Ɗan Kurna:
Salamu alaikum jama'a. Daminar bana sau uku ruwa yana shigo mana har ɗaka. Gidan gado ne, kuma Hajiyarmu ta rantse ba ta taɓa kwalfar ruwa da kwano ba sai da aka cike kududdufin bayan layinmu aka yanka filoti. Da can duk ruwan unguwa can yake gangarawa ya kwanta. Yanzu shaguna ne jere a wurin. Ko akwai wanda ya ga irin haka?

Manomin Guri:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mu a dausayin Hadeja da Nguru jiran ambaliya ma muke yi. Ta malale fadama a samu shinkafa da kifi, ta janye a shuka wake a danshinta. Kachalla, doguwar ciyawar nan da ke tsirowa cikin ruwa, ita ce ta ɓata mana lissafi. Tun da aka yi madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina ƙafewa da rani, ciyawar ta samu wurin zama ta toshe hanyoyinsa. A 2022 da ya rasa mafita, gonata ya bi. Gayya muka yi da lauje a kan kwale-kwale, ga sauro ga matsattsaku, kafin muka buɗe masa hanya ɗaya. Masu cewa kada a taɓa ciyawar bakin ruwa, su zo su ga kachalla tukuna.

Ɗiyar Keita:
Baba na Guri, Allah shi ƙara haƙuri. Mu namu daga tudu yake sauko mana. Innata na cikin matan da suka ɗauki duwatsu a aikin gyaran ƙasa da aka soma nan Keita ta Nijar a 1984, da abinci ake biyan su. Suka jera duwatsu a gangare, aka haƙa ramuka masu siffar rabin wata don tare ruwa, aka dasa itatuwa. Ta ce da, korama kan zo da ƙara kamar jirgi ta tafi da awaki. Yanzu sai ta iso a gajiye.

Malamin Gona:
Ni ciyawar jema na dasa a bakin kwarin da ke cin gonata. Shekara uku ke nan, ko taku ɗaya bai ƙara ba. Saiwarta na nitsewa ƙasa sosai. Matsalar kawai masu saƙar faifai, da an kau da ido sun yanke.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai. Saura kududdufi ɗaya a bayan makaranta, shi ma an fara jibge masa shara. Gobe bayan Isha'i za mu je wajen mai unguwa. Malam, a ina zan samu saiwar jema a nan Kano?