Musayar waƙa: mai ƙarfi ke wanzuwa ko mai jama'a?

Ticha Asawase:
Salamu alaikum mutanen Zango, yau ni zan buɗe fili kuma amsa sai da baiti, mai dogon turanci ya ajiye kayansa a gida.

Darwin Bature ya hau jirgin ruwa,
Shekara biyar yana yawo da dubawa,
Tsuntsayen Galapagos ya yi ta tarawa,
Bakinsu daban-daban, kowane da abin da yake tsincewa,
A 1859 littafinsa ya samu fitowa,
Ya ce wanda ya dace da wuri shi ke wanzuwa,
Ya bar zuri'a, halinsa ya yi ta yaɗuwa.
To ku ba ni amsa, ku masu ganewa,
In haka duniya take, mene ne ribar kyautatawa?

Fita na Suame:
Ticha ka sosa min inda ke ƙaiƙayi wlh

Ajiye littafi ka zo Kejetiya,
Ka ga kokawar shiga trotro da safiya,
Mai faɗin kafaɗa ya zauna lafiya,
Tsohuwa da kwano a kai ta rasa hanya,
Met na ihu "Aboabo, saura ɗaya!"
Wa ya ce Mma ki shiga, na fasa tafiya?
Kashin dankali ake, ita ce gaskiya,
Sauran duk zancen Gizo ne, tatsuniya.

Hajiya Mai Waakye:
Kai ɗana, tatsuniyar da ka raina ai ita ta rene ka. Tsaya ka ji.

Gizo wayo gare shi, ba kaɗan ba,
Ya damfari giwa, ya damfari kura, bai ƙoshi ba,
Amma kaka ta taɓa cewa ku zama shi? Ba ta ce ba,
Dariya ake masa in asiri ya tonu, ba yabo ba.
Kalila wa Dimna mun ji wajen malam, ban manta ba,
Kurciyoyi sun faɗa raga, ba su watse ba,
Suka tashi da ragar tare, maharbi bai cim musu ba,
Ɓera ya gwaguye igiya, bai ce a biya shi ba.

Kuma kai da kake maganar Kejetiya ka je ka ga kayayo, 'yan matan nan masu dako, in ɗayarsu ta kwanta ciwo, 'yan uwanta su kwance bakin zani kowa ta fito da sidi biyu sidi biyar har a haɗa kuɗin magani da na motar komawa arewa, yaran da su kansu a bakin shago suke kwana. Da idona na gani ba labari ba.

Malam na Alabar:
Wa alaikumus salam. Ni kam kafin baiti a san inda na tsaya, Annabi Adamu daga yumɓu aka halicce shi, nan na ja layi ba na ƙetarewa. Amma batun dabbobi na cin juna da dabarar da kowace ke yi ta tsira, Jahiz mutumin Basra ya cika Kitabul Hayawan da shi tun ƙarni na 9, ba sabon abu ba ne a wajenmu. In kuma zaman jama'a ake magana to ga wanda ya rubuta a 1377:

Ibn Khaldun a Muƙaddima ya rubuta,
Daula da haɗin kai ake kafa ta,
Mutanen daji masu juriya ke ƙwace ta,
Jikoki su tashi cikin daɗi su sangarta,
Haraji ya yi yawa, talaka ya tsane ta,
Haɗin kai ya kwance, wasu su zo su karɓe ta.
Fita, damtsen mutum ɗaya bai taɓa riƙe ta,
Ko Fir'auna da rundunarsa ruwa ya ci, ka karanta.

Ticha Asawase:
Malam Allah ya ƙara ilimi, ban zo jayayya a kan aƙida ba, ni dai yana cikin silabus na bayoloji ina koyarwa yara su ci jarrabawa. Sai dai a yi wa mutumin adalci, bai ce birin da muke gani shi ya haifi mutum ba, cewa ya yi kakansu ɗaya can da nisa, ka yarda ko kar ka yarda abin da ya faɗa kenan. Yanzu Fita gare ka.

Kalmar "mafi dacewa ke wanzuwa" da ka jingina da ita ta Spencer masanin Ingila ce,
A 1864 ya ƙirƙiro ta, Darwin aro ya yi ya amince,
Amma a 1871 ga abin da shi Darwin ya ce,
Ƙabilar da ke taimakon juna ita ke yin fice,
Mai tausayi da riƙon amana ba asara ba ce.
Kropotkin ɗan Rasha ya duba Saiberiya a tsanake, a natse,
A 1902 ya rubuta, cikin sanyi dabba mai garke ke kuɓuce.

Jikan Salaga:
Ticha "natse" bai hau amsa-amon ba amma mun yafe 😂 Ni abin da ke ci min rai wannan magana ta mai ƙarfi shi ya cancanta ba a aji ta tsaya ba, da ita aka wanke hannu aka ci ƙasashenmu.

A Balin 1884 suka zauna taro,
A kan Afirka, babu ɗanta ko guda a zauren taro,
1896 suka kama Prempeh Sarkin Asante, suka sa shi a tsaro,
1900 Yaa Asantewaa ta tashi ba tsoro,
Suka ce ci gaba ne, mai rauni sai horo,
Bindiga a hannu, hujja kuma ta aro.

Kuma ba sai mun je Ingila neman wanda ya gane zaman duniya ba. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna Salaga har yaƙin 1892 ya watsa garin, ya koma Kete-Krachi inda ya rasu 1934, ya yi waƙa kan zuwan Nasara ya kuma yi ta Talauci da Wadata, ya nuna yadda ake wulaƙanta talaka ana girmama mai kuɗi. Fita abin da ka gani a tasha shi ma ya gani, amma da takaici ya rubuta, bai ce haka ya kamata ba.

Fita na Suame:
Kun taru a kaina kamar na saci akuya. To ni ban janye ba

Kun kawo Balarabe kun kawo ɗan Rasha,
Duk taimakon nan lissafi ne, ba ni rantsuwa in sha,
Mai zuba adashi jiran kwasarsa yake, ba don sha'awa ba, don ya sha,
Kurciya ta ja raga don wuyanta ne a ciki, kar ta sha,
Mma Hajiya na ƙara wa kayayo wele da taliya, na gani a tasha,
Don gobe ta ɗauko mata buhun shinkafa arha, ba sai an yi ciniki ba, a huta a sha.

Malam na Alabar:
Fita ka ci amsa-amo da "sha" har sau huɗu, wannan ai fashi ne ba waƙa ba. Niyya kuma Allah ne ya san ta, ba kai ba.

Hajiya Mai Waakye:
Malam bar ni da shi.

Ɗana tunda lissafi kake so, mu yi lissafi,
Sidi 60 na waakye na nan a littafi,
Da ƙwai, da kifi, da shito mai zafi,
Wane buhu ka taɓa ɗauko min? Ko cokali, ko kofi?
Tun azumi nake zuba maka, ban ce maka uffan ba don na fi,
Gobe in ka zo layi ka nuna min faɗin kafaɗa da ƙarfi,
In ga ko shi zai buɗe tukunya ya ɗaga murfi.

Fita na Suame:
Haba Mma, a gaban mutane? Sidi 45 ne fa, ƙwan ranar Juma'a ke kika ce kyauta ne