Rinin furfura ya kumbura mini fuska, me zan koma shafawa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekaruna 43, furfura ta cika mini gaban kai. Shekara huɗu ina shafa baƙin rini na kwali lafiya lau. Ranar Laraba na shafa saboda bikin ɗiyar yayata a Ƙofar Marusa. Daren Alhamis kaina ya ɗauki ƙaiƙayi kamar an zuba barkono, asubar Juma'a idona na hagu ya rufe, bayan kunnuwana na tsattsafar ruwa har ɗankwali ya manne. Ko kamu ban je ba. Kumburin ya fara sauka, amma raina a ɓace yake. Kamfani zan canza, ko akwai abin da ba ya cutarwa?

Ma'aikaciyar jinya: Sannu Hajiya, Allah Ya ba da lafiya. Canza kamfani ba zai fisshe ki ba. Yawancin baƙin rini mai daɗewa yana ɗauke da sinadarin PPD, a jikin kwali ana rubuta shi p-phenylenediamine. Jiki na iya jure shi shekaru, rana ɗaya ya ƙi shi, kuma in ya ƙi, ya ƙi har abada. Yakan nuna bayan kwana ɗaya zuwa uku, kamar naki. Ko an rubuta babu PPD, ki duba toluene-diamine, ɗan'uwansa ne, da yawa shi ma yana taɓa su. Tunda wurin na ruwa, ki je asibiti likitan fata ya gani, kada ki shafa man bilicin ko toka. In leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a tafi gaggawa ko tsakar dare ne.

Mai ƙunshi, Ƙofar Ƙaura: Anti, ana yi miki baƙin dayis a hannu? Sinadarin nan ne a ciki, shi ya sa yake kamawa cikin minti kaɗan. Lalle na gaskiya ba ya baƙi, ja yake bayarwa, kuma sai ya ɗauki awanni. Na ga amaryar da zanen fulawar ya tashi mata ƙuraje ɗaya bayan ɗaya har gwiwar hannu. Tun ranar na daina baƙi.

Hajiya daga Daura: 'Yata, ki koma lallen ganye. Ki daka da kanki ki tankaɗe, na leda wani ana haɗa shi da rini. Ki kwaɓa da ruwan ɗumi, ya kwana, ki shafa awa uku. Furfurar za ta yi ja. In duhu kike so, bayan kin wanke ki bi da garin baba, wanda marina ke amfani da shi, a kwaɓa a shafa nan take. Sayyidina Abubakar ma da lalle da katam, wani ganye mai ba da duhu, yake rina furfurarsa.

Ma'aikaciyar jinya: Haka ne Mama. Sai dai ta bari fatar ta warke sarai, sannan ta ɗiga kaɗan a bayan kunne ta jira awa 48. Wancan rinin kam ko gwaji kada ta yi da shi.

Mai tambaya: Wallahi kowace Sallah sai an yi mini dayis, kuma na bara ya yi mini ƙaiƙayi na share. Na duba kwalin yanzu, sunan yana nan. Gobe zan tafi da shi asibiti.