Me ke riƙe masu karatun jerin littattafan Dune har yanzu?

Sabon Makaranci:
Assalamu alaikum. Na kammala littafin farko na Dune, wanda Frank Herbert ya fitar a 1965, kuma ƙarshensa ya gamsar da ni, tunda Paul Atreides ya ɗauki fansar mahaifinsa har ya hau karagar mulki. Sai na tarar marubucin ya ƙara guda biyar kafin rasuwarsa a 1986, ban da waɗanda ɗansa Brian da Kevin J. Anderson suke fitarwa tun 1999. Me mutane suke nema a cikinsu bayan labari ya kai gaɓa?

Malamar Adabi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, shimfiɗa kawai ka karanta. Littafi na biyu, na 1969, ya fara ne shekara 12 bayan wannan nasara, lokacin da yaƙin da mutanen Fremen, mazauna hamadar duniyar Arrakis inda labarin ya gudana, suka ƙaddamar da sunan Paul ya riga ya hallaka mutum biliyan 61, shi kuma ya kasa tsayar da abin da ya tayar. Herbert yana gargaɗi ne game da miƙa wuya ga shugaba mai kwarjini, kuma irin wannan gargaɗi ba ya shiga zuciya sai makaranci ya fara ƙaunar gwarzon, sannan a nuna masa abin da ya biyo baya. Littafi ɗaya ba zai ɗauki wannan nauyi ba.

Ɗan Agadas:
Na yarda da Malama, amma ni ƙasar ce ta riƙe ni. Burin Fremen shi ne hamadar Arrakis ta zama dausayi, kuma a littafi na huɗu, bayan shekara 3,500, burin ya cika, sai dai danshi ya kashe manyan tsutsotsin rairayi, waɗanda daga gare su ake samun sinadarin da tafiya tsakanin taurari ta dogara a kansa. Duk wanda ya tashi inda ake auna ruwa kafin a sha zai ji zafin wannan ciniki.

Tsohon Makaranci:
Shawarata ita ce ka karanta har na uku, na 1976, kafin ka yanke hukunci. Na huɗun yana buƙatar haƙuri, domin muhawara ta fi aukuwa yawa a cikinsa. Na ɗan marubucin, Brian, kuwa sun fi sauƙin karatu, amma a ganina ba su kai na uban zurfi ba, don haka kada ka fara da su.