Kumburin hannu bayan cire kaluluwar hammata

Ummu Hafsa: Assalamu alaikum. An yi wa yayata tiyatar sankarar mama, an haɗa da kaluluwar hammatar dama, yau mako biyu ke nan. Me za mu kiyaye kada hannun ya kumbura?

Anti Nas: Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. Ta kaluluwar nan ruwan jiki ke bi ya dawo daga hannu. Da an cire ta, hanya ta ragu, sai ruwan ya kwanta. In an kwashe hammatar duka, wajen mace 1 cikin 5 ke samun kumburin. In ɗaya zuwa uku aka cire, kusan 1 cikin 20. Gashin asibiti, wato ƙona sankarar da hasken na'ura, da kuma ƙiba suna ƙara haɗarin.

Babbar ƙofar matsala ita ce fata. Ta riƙa shafa man kaɗanya ko basilin kullum, musamman da hunturu, don ƙwayar cuta ta ɗan tsagewar kaushi take shiga. Ba tsaga, ba ƙaho, ba gasawa da ruwan zafi, ba reza a hammatar. Yankan wuƙa ko fallatsar mai, a wanke da sabulu nan take a rufe. In hannun ya yi ja, ya ɗauki zafi, ga zazzaɓi, to asibiti a ranar, kada a kwana.

Malam Mai Gashin Ƙashi: Kuskuren da ya fi damuna shi ne a naɗe hannu a hana shi aiki don tausayi. Motsin tsoka ne ke tura ruwan. Da zarar an cire robar da ke zuƙe ruwa daga wurin tiyatar, in likita ya amince, ta fuskanci bango ta hau shi da yatsu har ta ji ɗan ja, sau 10, sau uku a rana. Ɗaukar nauyi ta fara da rabin kilo, tana ƙarawa sannu a hankali. Daka da jan guga su dakata tukuna.

Ki samo tef ɗin tela, ki auna kaurin hannayen biyu, santimita 10 sama da gwiwar hannu da 10 ƙasa, duk wata, ki rubuta. Bambancin santimita 2, ko zobe da awarwaro su fara matsewa, ko ta ce hannun ya yi mata nauyi, ku koma asibiti. Yawanci cikin shekara uku na farko kumburin yake bayyana.

Ummu Hafsa: Mun gode ƙwarai. Safar hannun nan mai matsewa fa, mu saya a kemis?

Anti Nas: A'a ƙanwata, sai an auna ta. Wadda ba daidai ba takan shaƙe wuyan hannu, yatsu su kumbura. Ba a kwana da ita, kuma bayan wata 6 ta saki, sai sabuwa. Maganin sa fitsari ba ya sauke wannan kumburin, kada wani ya ba ta.